Daga Kantun Bilma Zuwa Dunƙulen Miya

A cikin kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908, akwai wata 'yar magana da mai karatu kan tsallake bai lura ba. Marubucin yana cikin labarin Sarki Yakubu ɗan Abdullahi Burja, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1452 zuwa 1463, sai ya ambata cewa a zamaninsa ne Asbinawa suka iso Gobir, gishiri kuma ya yalwata a ƙasar Hausa. Littafin nan na yaƙe-yaƙe ne da gina ganuwa da naɗin sarauta. Tun da gishiri ya samu gurbi a cikinsa, to lalle ƙarancinsa abu ne da mutane suka daɗe suna ji a harshensu.

Yau, bayan shekara fiye da 550, abin da likita ya fi nanata wa ma'aikacin banki a Kano ko malamar makaranta a Maraɗi shi ne a rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata baligi ya wuce giram 5 a yini ba, wato abin da bai cika cokalin shayi ba. A rahotonta na 2023 kuwa ta ƙiyasta cewa matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya kai giram 10.8, ninki biyu da ɗoriya. Akwai kuma wata shawarar da hukumar ta bayar tun 2012, wadda ba a cika jin ta a rediyo ba: baligi ya samu aƙalla miligiram 3,510 na sinadarin fotasiyam kowace rana. Shawarwarin nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda ya ɗauki ta farko ya bar ta biyu ya fahimci rabin abin da ya same mu.

Gishirin miya haɗin sodiyam ne da kulorin, kuma sodiyam ɗin ne ke riƙe ruwa a jiki. Idan ya yi yawa, ruwan da ke cikin jijiyoyi ya ƙaru, zuciya ta shiga aikin dole, jini ya hau. Fotasiyam kuwa, wanda ke cike a cikin ganye da wake da 'ya'yan itatuwa, yana taimaka wa ƙoda ta zubar da sodiyam ta fitsari, yana kuma sassauta bangon jijiyoyi. Ƙodar ɗan Adam gwana ce wajen tattalin sodiyam, mai sakin hannu ce wajen fotasiyam. Wannan tsari ya dace da mutumin da gishiri ke masa wuyar samu, ganye kuma na bayan ɗakinsa. Tarihin abincinmu na ƙarni ɗaya da ya wuce labari ne na yadda aka juya wa wannan ƙodar lissafi.

Abin da raƙuma suka ɗauko

Ƙasar Hausa ba ta da teku, ba ta kuma da dutsen gishiri. Duk abin da ya shiga tukunyar Kano ko Katsina daga nesa ya zo. Mafi shahara shi ne na Bilma da ke Kawar da na maƙwabciyarta Fachi, can cikin hamadar gabashin Nijar ta yau. Barebarin wurin kan haƙa ramuka har su tarar da ruwan zartsi, rana ta ƙafar da ruwan, gishiri ya kwanta. Mai tsabtar ciki shi ne beza, na cin mutane. Sauran a cakuɗa shi da ƙasa, a dandaƙe shi a cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife ya bushe. Wannan shi ne kantu, kuma akasarinsa na dabbobi ne.

Ɗauko shi aikin Buzaye ne, musamman Kel Ewey da Kel Geres, waɗanda suka mamaye fataucin tun ƙarni na 18. Bayan kaka, wajen Oktoba ko Nuwamba, ayari kan tashi daga Asbin ya ratsa Tenere, tafiyar kusan kilomita 600 daga Agadas, a sararin da babu ciyawar da raƙumi zai kai baki, sai wadda aka ɗaura masa a baya. A farkon ƙarni na 20 akan samu ayari guda mai raƙuma sama da 10,000. Su kai gero da tufafi, su dawo da gishiri da dabino, su huta, sa'an nan su gangaro kudu ta Damargu. Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, irin wannan ayarin ya biyo daga Asbin a Disamban 1850 kafin ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya kuma lissafa gishiri cikin manyan hajojin da birnin ke saye daga waje. A ƙiyasinsa, mazauna Kano na dindindin a lokacin ba su wuce 30,000 ba.

Ba Bilma kaɗai ba ce. Akwai mangul na ƙasar Manga, da na Tegidda kusa da Ingal, da na Dallol Foga ta yamma, da na Awe da Keana da Azara a kwarin Binuwai, inda mata ke tace ƙasa mai zartsi su dafa ruwan har ya ƙafe. Kowanne da launinsa da ɗanɗanonsa da kasuwarsa, kuma mai saye ya san bambancinsu kamar yadda mai sayen goro ya san na Gwanja da na Kurmi. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1986 kan gishirin Sudan ta Tsakiya, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ya nuna shi ne cewa kusan duk waɗannan gishirai gauraye suke da wasu sinadarai. Tsantsar gishiri fari fat irin na leda baƙon abu ne a wancan zamani.

Kayan da ya sha tafiyar wata da watanni a bayan raƙumi, ya biya fito a ƙofar kowane gari, ya bi ta hannun fatoma da dillali da mai kasa shi a faifai, ba zai isa gidan talaka da arha ba. Harshenmu ma ya adana shaidar darajarsa. Har gobe ana sa gishiri cikin kayan baiko a raba wa dangi tare da goro, kuma ba a rabon abin da ba shi da daraja don sanar da aure. Wanda ya ƙawata labari mukan ce ya ƙara gishiri. A irin wancan zamani uwargida ba ta barbaɗa shi da cikin hannu. Da 'yan yatsu take tsinkar sa.

To da me miya ke daɗi? Da daddawa, wadda kalwa ce aka dafa aka rufe ta ruɓa, ba ta kuma buƙatar gishiri kafin ta yi ƙarfi. Da tsamin yakuwa da tsamiya, da barkono da citta da kimba da masoro. Jikin miyar kuwa ganye ne: kuka, kuɓewa, karkashi, lalo, rama, zogale, tafasa. Tuwon na dawa ne ko gero, furar ta gero ce da nono, ga wake da gyaɗa da gurjiya da kabewa, ga ɗinya da kanya da magarya da goruba da garin ɗorawa da yara ke wuni suna ci. Kusan duk abin da na lissafa ɗin nan rumbun fotasiyam ne. Giram 100 na busasshen wake na ɗauke da fiye da miligiram 1,000, gyaɗa kimanin 700, dabino kimanin 650. Ba ina cewa mutanen da sun ƙoshi ba ne. Sun sha yunwa, sun binne 'ya'ya da yawa, kaɗan ne cikinsu suka kai shekarun da hawan jini ke cin kasuwarsa. Magana ce kawai ta rabon sinadarai biyu a cikin akushi, kuma wannan rabon ya karkata ga fotasiyam.

Kanwa da toka

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a tsaya a kansa, don har masu ilimi na faɗawa ciki. Turawan mulkin mallaka sun tarar da kanwa a kasuwanninmu suka kira ta fotash, sunan kuma ya bi ta har yau a Turancin Najeriya. Daga kalmar fotash aka samo sunan fotasiyam. Saboda haka ba wuya ka ji mutum ya ce kanwa ai fotasiyam ce, har ya ɗauka tana da amfani ga mai hawan jini. Kanwa ba fotash ba ce. Jar kanwa, farar kanwa, ungurnu, duk kanwar ja ce a wannan fuska: ginshiƙinsu sodiyam ne haɗe da kabonet, tare da gishirin miya da wasu tarkace, fotasiyam ɗin ciki kuwa bai taka kara ya karya ba. 'Yar'uwar bakar-hoda ce, dangin gishiri ce ta wajen uba.

Asalin sunayen ma ya warware zancen. A 1807 Humphry Davy ya ware sinadaran biyu a Landan. Wanda ya samu daga fotash, wato abin da kan rage a tukunya in an tace tokar itace an ƙafar da ruwan, shi ya kira fotasiyam. Alamarsa ta K a littattafan kimiyya daga kalmar Larabci ta ƙali ta samo asali, ma'ana tokar tsirrai. Alamar sodiyam kuwa, Na, daga natron ta fito, sunan da aka san kanwa da shi tun zamanin Fir'aunonin Masar, masu busar da gawa da ita. Wato a harshen kimiyya kanwa ce ta ba sodiyam alamarsa, ita kuma aka wayi gari ana kira da sunan kishiyarta.

Fotash na gaskiya a gidan Bahaushe shi ne ruwan toka. A ƙone karan dawa ko na gero, a zuba tokar a tukunya mai huji ko kwando, a tsiyaya ruwa, abin da ya ɗiga shi ake sa wa miya ko wake don ya yi laushi, shi kuma ake sabulun salo da shi. Masu rini a Ƙofar Mata ma da toka suke tayar da baba. A wuraren da kanwar Barno ba ta isa da sauƙi, ko ta fi ƙarfin aljihu, toka ce ke aikin. Kusa da Tafkin Chadi har gishiri sukutum ake yi daga tokar itacen asuwaki, kuma Barth ya ambaci wannan sana'a. Gishirin toka irin wannan fotasiyam ɗinsa yana da yawa.

Ita kanwa babbar haja ce a fataucin da. Daga Manga da Muniyo ake kwaso ta, da kuma fadamun gabashin tafki, inda Buduma ke tsallako da ita a kwale-kwalensu. Fatake su ɗora wa jakuna su kai Nufe da ƙasar Yarabawa, har Salaga a Gwanja, su dawo da goro. Dabbobi na lasa, masu taba gari na haɗawa da ita, ana sha don ciwon ciki, ana jefawa a kunu. Saboda haka in za a yi adalci, sodiyam ɗin mutanen da ba daga gishiri kaɗai yake zuwa ba, kuma akwai rukuni guda da al'ada ta ɗura wa shi da yawa. Zan dawo kansu.

Jirgin ƙasa ya riga raƙumi

Gishirin Turai ya fara hawowa ta Kwara tun ƙarni na 19, a hannun masu jiragen ruwa na Kakanda da Nufawa, har sunan Kakanda ya bi shi a kasuwa. Amma abin da ya karya farashi shi ne dogo. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Taragon da ya sauka Ikko da gyaɗa da fatu ba ya dawowa wayam: yakan hawo da atamfa da kananzir da buhunan gishirin Ingila, wanda ake lodi a Libaful. Kamfanoni irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin UAC a 1929, suka mai da gishiri ɗaya daga cikin kayan da ake jawo manomi da su ya kawo gyaɗarsa kanti.

A arewa kuma masifu suka taru wa ayari. Faransawa sun kama Bilma a 1906. A Disamban 1916 Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya, kuma ramuwar da Faransawa suka yi bayan sun karya shi a 1917 ta halaka mutane da raƙuma masu yawa, ta kori Buzaye da dama zuwa kudu. Ayarin ya farfaɗo daga baya, sai dai fari na 1973 da na 1984 da manyan motoci suka sake rage shi. Bai mutu ba. Har yanzu akwai masu ratsa Tenere da raƙuma, kantu kuma na nan a kasuwannin dabbobi. Abin da ya rasa shi ne tukunyar mutanen birni.

Yadda ƙasar ta dogara ga gishirin jirgi ya fito fili a Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen ruwa suka yi ƙaranci, gishiri ya ɓace a kasuwannin Najeriya, gwamnati ta shiga rabon sa da ƙayyade farashi, 'yan bumburutu suka ci kasuwarsu. Toyin Falola ya yi nazari na musamman kan wannan ƙaranci. Shekara talatin kacal bayan isowar dogo, ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana samun gishirinta daga hamada da fadama ta zama ba ta iya miya sai jirgi ya zo daga Ingila.

Arhar gishiri rabin labarin ce. Sauran rabin ya zo ne da kuɗin mai. Bayan 1973, da ƙarin albashin Udoji da ya biyo baya, birane suka cika suka batse, shinkafar waje da alkama suka kwararo. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi guda a 1985 kan yadda Najeriya ta faɗa tarkon alkama, ƙasar da ba ta noma ta sosai amma burodi ya zama karin kumallon ma'aikacinta. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, hanin bai daɗe ba aka janye shi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da injin ke yi wa ƙwaya. Fotasiyam na zaune ne a dusa da ƙwayar tsiro, su kuwa ake cirewa don shinkafa ta yi fari, fulawa ta yi laushi. Giram 100 na farar shinkafa ɗanya ba ya wuce miligiram 100 da 'yan kai, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ke cikin wake. Sa'an nan burodi da gishirinsa yake zuwa tun daga gidan gashi. Duk wanda ya bar koko da ƙosai ya koma shayi da burodi, ya bar tuwo miyar kuka ya koma shinkafa da mai da yaji, ya yi musaya biyu a lokaci guda bai sani ba.

Sai dunƙule. Kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fito da shi a 1908, Nestlé ta mallaki kamfanin a 1947, a rabin ƙarshe na ƙarnin kuma ya mamaye Afirka ta Yamma har sunansa ya zama sunan duk wani ɗanɗano na kanti, kowane kamfani ya yi shi. Kusan rabin nauyin irin wannan dunƙule, wani lokaci fiye, gishiri ne. Farin magi shi ma da nasa sodiyam ɗin, ko da yake bai kai na gishiri ba. A ganina wannan ne sauyi mafi zurfi, domin ya canza ma'anar kalmar kanta. Matar da likita ya ce wa ta rage wa maigida gishiri takan rage da gaskiya, ta ƙara dunƙule biyu don miya kada ta yi lami, ta kuma tafi da yaƙinin ta bi umarni. Yajin tsire, yajin ƙuli, miyar awara, kwaɗon zogale ma da kansa, ba wanda ya tsira. Daddawa ta koma abin da ake sa wa miyar kuka kaɗai, wasu gidajen ma kunyar warinta suke ji. A ƙarshen shekarun 1980 taliyar leda mai ɗan ƙunshin ɗanɗano ta shigo, ta zama abincin ɗalibi da gwauro da yaron da aka makara shirya wa makaranta.

Abin da ma'aunin jini ya nuna

Likitocin Turawa na farko a Afirka sun ɗauka hawan jini ba ciwon baƙar fata ba ne. A 1929 C. P. Donnison ya wallafa a mujallar Lancet cewa a asibitin da ya yi aiki a yammacin Kenya, cikin majinyata kusan 1,800 da aka kwantar a shekara biyu bai ga mai hawan jini ba, kuma jinin mutanen wurin ba ya hawa da tsufa kamar na Turawa. Shekara arba'in bayan haka Oladipo Akinkugbe ya auna mutanen Ibadan da ƙauyukan kewaye ya tarar da ciwon ya zauna daram, har ya rubuta littafi a kansa a 1972. Jinsin mutanen bai sauya ba a cikin shekara arba'in. Zamansu ne ya sauya.

Binciken da ya fi nuna hakan ƙarara shi ma a Kenya aka yi shi, a shekarun 1980. Neil Poulter da abokan aikinsa suka bi 'yan ƙabilar Luo da ke barin ƙauye zuwa Nairobi, suna auna su kafin tafiya da bayan isa, suna kwatanta su da 'yan'uwansu da suka zauna gida. Cikin 'yan watanni jinin masu ƙaura ya fara hawa, nauyinsu ya ƙaru, fitsarinsu kuma ya nuna sodiyam ya rinjayi fotasiyam fiye da da. Awon fitsari shi ne alƙali a wannan fage, don kusan duk gishirin da mutum ya ci ta nan yake fita, ba kuma ya mantuwa kamar mai amsa tambayar me ka ci jiya. A 1997 Richard Cooper da tawagarsa suka buga sakamakon awon da suka yi wa baƙaƙen fata a nahiyoyi daban-daban: masu hawan jini kashi 16 cikin ɗari a Najeriya da Kamaru, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Tsatso ɗaya, abinci da zama daban. Ƙiyasin baya-bayan nan na nuna cewa kusan baligi ɗaya cikin uku a Najeriya na da hawan jini, wato mun kamo inda baƙaƙen Amurka suke a lokacin wancan bincike. Gishiri ba shi kaɗai ya jawo haka ba. Ƙiba da zaman mota da ofis da tsawon rai duk suna da hannu. Amma shi ne wanda ake ci sau uku a yini.

Na ce zan dawo kan waɗanda al'ada ta ɗura wa kanwa. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa 'yan makonni bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya gagara. Yawan ya kai kimanin mace ɗaya cikin haihuwa 100, adadin da ba a taɓa ganin irinsa a wani wuri ba. Suka danganta abin da jego: kunun kanwa safe da yamma har kwana arba'in, wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Hujjarsu ita ce sodiyam ɗin kanwa na cika jiki da ruwa, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi daga baya ya sassauta wannan hukunci, don sun ga ciwon a matan da ba su yi waɗannan al'adu ba, suka kuma nuna hannun talauci da rama da ƙarancin sinadarin seleniyam. Duk da haka ba wanda ya wanke kanwa daga kasancewa sodiyam, kuma mai jegon da jininta ya hau lokacin goyon ciki ba ta da abin da za ta ƙaru da shi a cikin ƙwaryar kunun nan.

Gwaji mafi girma kan gyara wannan ma'auni daga Sin ya fito. A ƙauyuka 600 na arewacin ƙasar aka ɗauki mutum 20,995, akasarinsu waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko dattawa masu hawan jini. Rabin ƙauyukan aka ba su gishirin da aka cire kashi 25 cikin ɗari na cikinsa aka maye da gishirin fotasiyam, sauran suka ci gaba da nasu. Bayan kusan shekara biyar, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari, mutuwa kuma da kashi 12. Ba a ce wa kowa ya daina cin abin da yake so ba, gishirin kawai aka sauya. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar amfani da irin wannan gishiri ga manya, tare da togaciya mai muhimmanci: ban da masu ciwon ƙoda da masu shan magungunan da ke tara fotasiyam a jiki, domin su yawansa na iya tsayar masu da zuciya. A ƙasar da mutane da yawa ke yawo da ciwon ƙoda ba su sani ba, wannan togaciya ba ta wasa ba ce. Wanda kuma ya san tarihin Tafkin Chadi zai ga cewa abin da masana suka haɗa a ɗakin gwaji ɗan'uwan gishirin tokar asuwaki ne, sai dai wannan an auna shi.

Gwajin Sin ya fi shafar mu fiye da dabarun Turai saboda dalili guda. A Ingila da Amurka yawancin gishirin da mutum ke ci yana cikin abincin kanti ne tun kafin ya saya, don haka gwamnati kan matsa wa masu burodi da masu abincin gwangwani. A Sin da biranenmu kuwa babban kaso a murhu ake zuba shi, daga leda da dunƙule. Wannan na nufin ƙofar shigarsa ƙunci gare ta. Kusan duk gishirin da ake ci a Najeriya ɗanyensa ake shigowa da shi ta ruwa, kamfanoni ƙalilan su tace su ƙunsa, masu dunƙule ma ba su da yawa. An taɓa amfani da wannan ƙuncin ƙofa. A 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma cikin 'yan shekaru maƙoƙo, wanda a da ake gani a wuyan mata a kasuwannin ƙauye, ya ja baya ƙwarai, ba tare da an bi gida-gida ana wa'azi ba. Hakan ya yiwu ne domin gishirin ya riga ya bar hannun dubban masu tafasa ƙasa da masu raƙuma ya koma bakin tashar Apapa. A 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin rage sodiyam, da burin rage abin da ake ci da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Aidin bai taɓa ɗanɗanon miya ba, bai kuma rage wa kowa ciniki ba. Rage gishiri a dunƙule kuwa zai taɓa duka biyun, kuma kamfanin da ya fara ragewa shi kaɗai ya san maƙwabcinsa na nan da nasa a kan tebur ɗaya a kasuwar Singa.